Barden Bungudu Ya Shiga Anko

A Bungudu, in kana neman telan da zai ba ka kayanka ranar da ya faɗa, ba wanda zai nuna maka shagon Sama'ila. Amma in cika baki kake marmarin ji, can za a kai ka kai tsaye, har a matsa maka a benci. Hannunsa na da kyau, wannan ban hana shi ba. In ya ga dama ya yanka maka kaftani, sai ka ƙi cirewa. Ganin damar ce ta yi wuya, tun da wani wasan waya ya shiga tsakaninsa da kekensa shekara uku da suka wuce.

Wasan yana da sunansa na Turanci, amma mutanen gari Arangama suke ce masa. Mutum uku ke karawa da uku, kowa da jaruminsa a cikin waya. Mai sulken ƙarfe shi ke tare gaba, duka ba ya yi masa komai. Mai rigar fata maharbi ne, yana da zafi amma ba ya jure wuya. Mai farar alkyabba da sanda shi ne mai magani, yana laɓe a baya yana warkar da 'yan uwansa, don haka shi ake fara nema. Ko jiya ka fara wasan ka san wannan. Sama'ila kuwa yana karantar da shi kullum kamar shi ya tono shi daga ƙasa.

Jaruminsa mai sulken ƙarfe ne, ya sa masa suna Barden Bungudu. Shekara uku yana tara masa kaya, kwalkwali daban, garkuwa daban, har da wasu takalma da ya yi wata biyu yana fafutukar samu. Yana son Barden nan so na gaske. Wata rana ya tashi kiran ɗansa na fari ya ce Barde, matarsa Zulai ta yi kwana biyu ba ta dube shi ba.

Abokan wasansa biyu ne. Ɗahiru mai shayi shi ne mai magani, Dauda mai gyaran babur shi ne maharbi.

"Ni tela ne," in ji Sama'ila wata ranar Laraba, suna tsakiyar karawa da wasu baƙi a ƙofar shago. "Mutum ya sa kaya, na gama karanta shi. Ku dakata, kak ku taɓa wancan. Dubi kahwaɗar sulkenai. Wanda yay yi aikin ga bai san awo ba."

"Sama'ila, harbinka a kai," in ji Dauda.

"Bari in gama. Ka ga inda ɗinkin ya karkace..."

Barde ya kife ƙasa.

"Ai na gane shi," in ji Sama'ila, ko kunya babu. "Maharbi ne."

"Bayan ya cika ka da kibau? Ko akuyarmu ta gane shi," in ji Ɗahiru.

Ana cikin haka sai ga Hajiya Rukayya, maƙwabciyarsu, ta taho tana huci. Bikin ɗiyarta saura kwana tara, ankon ƙawayen amarya kuwa, atamfa kore shar turmi goma sha biyu, yana jibge a kan tebur ko almakashi bai gani ba.

"Malam Sama'ila, ina kayana?"

"Hajiya, ina kansu."

"Bisa kansu kake zaune dai! Wancan turmin da ka yi matashi da shi na babbar ƙawar amarya ne!"

Hayaniyar ta fito da Zulai daga cikin gida, ta tsaya bakin zaure da hijabinta. Zulai ba ta ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronta ke nan.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ta ce. "Ba laihinai ba ne. Yana renon wani ƙato ne cikin waya, ba ya da lokacin mutane."

'Yan benci suka kwashe da dariya. Mai faci ya bar tayarsa ya matso, mai rake ma ya turo baronsa. Abin ya sosa wa Sama'ila rai, ya miƙe tsaye.

"Ƙaton da kike rainawa ran Asabar za ya ɗaukaka garin ga. Akwai gasa Gusau, gidan kallon Stephen da ke Damba. Mu da 'yan Tsahe."

"In sunka cinye ku hwa?" in ji Zulai.

"Wa? 'Yan mata ukun ga? Wallahi tallahi, in Tsahe ta ci mu, da yatsana zan goge Barde gaban jama'a, in koma keke!"

"Kun dai ji," in ji Zulai. "Rantsuwa ce, ba ni na sa shi ba." Ta juya ta shige gida.

Sai da benci ya watse Sama'ila ya ji nauyin abin da ya faɗa. 'Yan Tsafe ba abin wasa ba ne. Shugabarsu Dorcas, mai sayar da magani a wani kemis, ta taɓa korar samarin Gusau uku cikin minti biyu tana cin gyaɗa. Ya zauna ya rafka tagumi yana kallon turamen Hajiya, duk iri ɗaya, kore a kan kore. Can sai ya daka tsalle har ya ture kwalbar man keke.

"Anko!"

Da la'asar ya tara mutanensa ya rufe ƙofa rabi.

"Ran biki, in ƙawaye sunka shiga anko, wa ka iya gane ɗiyar mai kuɗɗi da ɗiyar mai itace?"

"Ba kowa," in ji Ɗahiru.

"To haka za mu yi wa Tsahe. Kowa da sulke yake gane abokin gaba. Mu ɓoye sulken."

Akwai wata koriyar babbar riga da waɗanda suka ƙera wasan suka raba kyauta lokacin wani biki, wadda ake ɗora wa jarumi a kan kayansa ta rufe shi ruf daga wuya har ƙasa. Ba wanda ke sa ta don muninta. Sama'ila ya sa wa Barde, ya sa wa sauran biyun. Jarumai uku suka tsaya a jere kamar buhunan alayyahu.

Bai tsaya nan ba. Ya karɓi wayoyinsu ya kutsa can cikin saiti, ya kashe sunayen da ke yawo a saman kan kowane jarumi.

"Wannan kuma na mi ne?" in ji Dauda.

"Gidan kallo cike yake da 'yan leƙe. Wani ya hango suna ya kai tsegumi."

"To mu ya za mu gane junanmu?"

"Kai dai Dauda kanka sai a hankali. Kore namu ne. Wanda duk ba kore ba, sare shi."

Dauda ya karɓi wayarsa. Maganar kamar tana da gyara, amma bai gano inda take yoyo ba.

Ranar Juma'a Sama'ila ya hau keke, karo na farko cikin mako biyu. Hajiya Rukayya ta ji ƙarar keke ta ce alhamdulillahi, har ta aiko masa da kunu. Ba ta san riguna uku yake zubawa ba, na wani koren yadi da ya kwaso a kasuwa, don 'yan wasa ma su shiga anko. Cikin sauri ya yi su ba awo. Ta Ɗahiru ta kai masa gwiwa. Ta Dauda kuwa sai da mutum biyu suka taimaka ya shiga, yana ɗaga hannu zai tsayar da mota hammata ta ce ɓarr.

"Iska za ta riƙa shiga," in ji Sama'ila. "Da gangan na yi."

Ranar Asabar suka isa Damba bayan azahar, gidan kallon ya cika maƙil. Stephen ya jona wasan a babban telebijin da ake kallon ƙwallo, ya ajiye benci biyu suna fuskantar juna. 'Yan Bungudu sun cika mota guda sun biyo su, har da mai faci da mai rake. A ɗaya bencin Dorcas ce da ƙawayenta biyu, Sa'adatu da Nasara. Ta dube su sama da ƙasa.

"Sannunku da zuwa. Ina amaryar?"

"Yanzu za ki gan ta," in ji Sama'ila.

Stephen ya ɗauki lasifika. "Zagaye uku ne. Wanda ya ci biyu ya ci gasa. A fara!"

Abin haushi, kuma dole in faɗi gaskiya, dabarar ta ci a zagayen farko. 'Yan Tsafe suka fito da sulkensu sak, suka tarar da koraye uku suna tahowa. Suka rasa wane ne mai magani. Suka taru a kan Barde suna ta jibga, shi kuwa ƙarfe ne a ƙarƙashin riga, Ɗahiru na gefe yana ɗura masa magani hankali kwance, Dauda na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Minti uku aka gama. 'Yan Bungudu suka ɗauki ihu, mai rake ya raba sanda biyu kyauta.

Da mutum ne mai hankali, da sai ya yi shiru ya jira zagaye na biyu. Sama'ila ya haye kan benci ya fizge lasifikar Stephen.

"Jama'a, abin da kunka gani ilimi ne! Shekara ashirin ina yanka yadi. Duk duniya da sulke ake gane mutum, ni kuwa na ce a ruhe sulken. Ko Turawan da sunka ƙera wasan ga ba su yi wanga tunani ba!"

Dorcas ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. "Malam, gaskiya ka burge ni. Rigar ga tana da tsada ko?"

"Tsada? Kyauta ce! Kowa na da ita, basira ce babu."

"Kai! Ni ban taɓa ganin ta ba. Ina take?"

"Sama'ila," in ji Dauda a hankali, yana jan bakin wandonsa.

"Bari in taimaki yarinya. Kawo wayar." Ya sauko, ya karɓi wayarta, ya shiga ma'ajiyar kaya ya nuna mata da yatsa. "Nan ƙasa, bayan hulunan ga. Kin gani?"

"Na gani. Allah shi ƙara basira."

"Amin," in ji Sama'ila, ya koma wurinsa yana gyara wuyan riga.

Aka buɗe zagaye na biyu. Koraye uku suka fito daga gabas. Daga yamma ma koraye uku suka fito. Suka haɗu a tsakiyar fili suka cakuɗe, sai ga koraye shida. 'Yan Tsafe sunayensu na nan a saman kai, suna ganin kowa sarai. 'Yan Bungudu kuwa ba abin da ke gabansu sai kore.

"Wane ne ni?" in ji Ɗahiru.

"Kak ku ruɗe!" in ji Sama'ila. "Ni daga tahiya nake gane mutum. Ga maharbiyarsu nan!"

Ya rufe wani kore da sara. A wasan nan takobinka ba ya cin ɗan uwanka, wucewa yake kamar iska. Sama'ila ya sara, ya sara, ya ƙara, koren ko gezau.

"A'a, mai sulke ce! Kun ga ba ta jin duka? Na hwaɗa maku, ko an ruhe ina ganewa!"

"Ni ne!" Dauda ya daka masa tsawa. "Ni kake sara tun ɗazu! Ka tare man hanya, ba ni ganin komi!"

Can gefe Ɗahiru na bin wani kore a guje yana watsa masa magani. "Tsaya in warkar da kai! Sama'ila, tsaya mana! Maganin ya ƙi kamawa!"

"Ga ni nan bayanka, wa kake bi?" in ji Sama'ila.

Wanda yake bi ya juyo. Sa'adatu ce, ta ɗaga gatari ta sauke masa a ka. Jinin jarumin Ɗahiru ya ragu saura kaɗan, ya ruga ya ɓuya bayan wani dutse.

Gumi ya karyo wa Sama'ila, amma bakin bai mutu ba. "Sabuwar dabara! Duk namu shi riƙa tsalle! Wanda ba ya tsalle, sare shi!"

Da ƙarfi ya faɗa, kuma tsakaninsa da bencin Tsafe bai fi taku uku ba. Dorcas ta dubi Sa'adatu, Sa'adatu ta dubi Nasara. A babban telebijin sai ga koraye shida suna ta tsalle a fili kamar kwaɗi bayan ruwa. Gidan kallo ya kece. Wani dattijo da ya shigo tambayar lokacin ƙwallo ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Stephen ya so ya yi sharhi a lasifika, dariya ta hana shi, sai tari.

Barde ya je gaban wani kore ya tsaya cak. "Ɗahiru, zuba man magani, jinina ya yi ƙasa."

"Ni an kashe ni tun ɗazu," in ji Ɗahiru, ya ajiye waya a cinya.

"To wanga wane ne?"

"Ni ce, Malam," in ji Dorcas. Kibiya uku ta saka masa a ƙirji.

Ɗaya da ɗaya. Stephen ya ce hutun minti ɗaya ne.

"Maido muna da sunaye," in ji Dauda, ya tura masa waya. "Yanzu!"

Sama'ila ya shiga saiti. Ya danna nan, harshen wayar ya koma wani rubutu mai kama da tsutsa. Ya danna can, sauti ya ɗauke. Inda ya kashe sunayen ya ɓace masa ɓat.

"Saura daƙiƙa talatin," in ji Stephen.

"A bar sunaye! A tuɓe anko! Kowa shi cire rigar, mu koma sulkenmu!"

Dauda ya cire tasa, Ɗahiru ya cire tasa. Sama'ila cikin gaggawa ya shiga ma'ajiya, ya ga wani maɓalli babba, ya danna da ƙarfi. Maɓallin cire komai ne. Kafin ya duba, an buɗe fili.

Maharbin Dauda ya fito da rigar fatarsa. Mai maganin Ɗahiru ya fito da farar alkyabbarsa. A gabansu, yana tafe yana buɗa kafaɗa, ga Barden Bungudu daga shi sai gajeren wando. Ba kwalkwali, ba garkuwa, ba takobi, ƙafa ko silifas babu. A wayar ƙarami ne. A telebijin ɗin Stephen kuwa har ƙashin haƙarƙarinsa ana ƙirgawa.

Ihun da aka yi har masu babur a titi suka tsaya. Mai faci ya cire hula ya rufe fuska. Wata mai sayar da awara a bakin ƙofa ta leƙo ta ce, "Subhanallahi, ku ba shi zane mana!"

"Dabara ce!" Sama'ila ya yi ƙara. "Sauƙin gudu nake nema!"

'Yan Tsafe ma ba su taɓa shi nan da nan ba. Suka kewaye shi su uku suna kallo.

"Malam," in ji Dorcas, "kai da kake karanta mutum daga kayanai, wanga mi ne aikinai?"

Sama'ila ya kai mata naushi da hannu. Ko ɗigon jini bai rage mata ba. Ya juya ya zura da gudu, Barde na tsallake duwatsu da gajeren wando, koraye uku na biye da shi, jama'a na tafi suna ba shi hanya da baki, "Dama! Hagu! Shiga bayan icce!" Dauda da Ɗahiru suka yi iya yinsu, amma ba mai tare masu gaba, nan da nan aka share su. Barde ya zagaya filin sau biyu. A na uku Nasara, mai maganin Tsafe, wadda tun da aka fara ba ta doki kowa ba, ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa masa a ƙeya. Ya faɗi.

Sama'ila ya zura waya cikin aljihu ya fara laluben takalmansa. "To, Allah ya nuhwa. Mu tahi kada mu rasa mota."

"Rantsuwa hwa?" in ji mai rake.

"Wace rantsuwa? Ai magana ce ta hwatar baki."

"Wallahi tallahi ka ce," in ji Ɗahiru. "Ina wurin."

Mai faci ya ɗaga tasa wayar sama. "Ga Zulai kan layi. Tun zagaye na biyu take saurare." Stephen, da yake shi ma ɗan neman magana ne, ya kara wayar a bakin lasifika.

"Ina jin ku," in ji muryar Zulai, ta cika gidan kallo. "Ga Hajiya Rukayya nan kusa gare ni, tana gaishe ka."

Sama'ila ya zauna. Ya fiddo wayar, Stephen ya jona ta a telebijin. Barde na tsaye shi kaɗai, yana numfashi, daga shi sai wandonsa. Sama'ila ya daɗe yana kallonsa.

"Ku bari in sa mashi kayanai," ya ce. "Ba ni sallamar shi haka."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ya sa masa sulke, ya sa kwalkwali. Ya ɗaura garkuwa. Ya sa takalman nan, ya cire, ya sake sawa. Ya canza kwalkwali, ya ce wancan ya fi, ya dawo da na farko. Mutane suka fara jin tausayinsa, har mai awara ta share ido. Sai Dauda ya lura idon Sama'ila ba a kan Barde yake ba, yana can saman kusurwa inda batir ya nuna saura biyu.

"Jama'a, jira yake waya ta mutu!"

Dorcas ta buɗe jaka ta zaro caja, ta jona a bango, ta zo da kanta ta soka masa a waya. "Ɗauki lokacinka, Malam. Akwai wuta."

Ba sauran mafita. Ya kai yatsa ya danna wurin gogewa. Wani rubutun Turanci ya fito da maɓalli biyu, ja da fari.

"Mi ta ce?" in ji Sama'ila. "Ban iya Turanci ba."

Gidan kallo gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, "Ta ce ka tabbata?"

Hawaye suka zubo masa, na gaske, har suna ɗiga a kan fuskar wayar. "To ni dai ban tabbata ba."

"Ni na tabbata," in ji Zulai daga lasifika. "Danna ja."

Ya danna ja.